Gardamar Uba da Ɗa Kan Albashi: Adadi Ake Dubawa Ko Daraja?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai shimfiɗa arziki ga wanda Ya so, Mai ƙuntata shi ga wanda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Akwai wata gardama da ta zama ruwan dare a zaurukan Tambuwal da Dogon Daji da Jabo, har zuwa Kebbe da Kuchi, wadda ba a cika kai ta gaban malamai ba, domin kowane ɓangare yana ganin gaskiyarsa a fili take. Dattijo ne wanda ya yi aikin koyarwa ko na ƙaramar hukuma shekaru arba'in da suka wuce zai dubi ɗansa ma'aikaci ya ce masa: "Yaro, ni da albashin Naira ɗari da 'yan kai na auri mahaifiyarka, na gina ɗaki, na sayi keke, na riƙe kakanka har Allah Ya karɓi abinsa. Kai kana karɓar dubu saba'in, ka ce mini ba ka da na cefane?" Ɗan kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, wallahi ba sa kai goma ga wata." Uban ya ɗauka ƙarya ce ko almubazzaranci, ɗan kuma ya ɗauka ba a tausaya masa. Daga nan sai gaisuwar safe ta fara nauyi, sai ɗan ya riƙa kauce wa zaure, wani ma ya tattara ya tafi Ikko ko Ibadan da sunan ci rani alhali gudun ido ne. Mafi muni, akwai uban da zafin rai yakan kai shi ga furta wa ɗansa baki. Abin da ya kai ga yanke zumunci da fushin iyaye ya fita daga hirar tattalin arziki, ya shiga hurumin addini, saboda haka wajibi ne a nemi hukuncinsa.

Tambayar farko ita ce: shin Shari'a ta san cewa adadin kuɗi daban, darajarsu daban? Ta sani tun zamanin sahabbai. Imamu Abu Dawuda ya ruwaito ta hanyar Amru ɗan Shu'aibu cewa kimar diyyar rai a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dinari 800 ce ko dirhami 8,000. Asalin diyya kuwa raƙuma ɗari ne. Haka aka yi ta tafiya har Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya zama Halifa, sai ya tsaya ya yi huɗuba ya sanar da mutane cewa raƙuma sun yi tsada. Sai ya mayar da diyya dinari 1,000 ga ma'abuta zinariya, dirhami 12,000 ga ma'abuta azurfa, shanu 200 ga masu shanu, awaki ko tumaki 2,000 ga masu su. A lura da kyau. Sayyidina Umar bai ƙara raƙumi ko ɗaya a kan ɗarin nan ba. Abin da ya gani shi ne dirhami 8,000 na jiya sun kasa sayen abin da suke saye, kuma da ya bar adadin yadda yake, da iyalin wanda aka kashe sun karɓi kashi biyu cikin uku na haƙƙinsu kawai, ana kuwa ce musu an biya su cif. Ba a ruwaito cewa sahabbai sun tashi sun ce masa ya saɓa wa Sunna don ya canza lissafi ba. Sun fahimci cewa kiyaye Sunnar shi ne kiyaye darajar abin, ko da adadin ya motsa.

To, a ɗauki wannan ma'auni a auna gardamar zaure da shi. A shekarar 1981, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsa ke kan hanyar nan ta Sakkwato zuwa Tambuwal, aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi a kan Naira 125 a wata, bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarƙashin Alhaji Hassan Sunmonu. Aka yi ta ɗaga shi: Naira 18,000 a 2011, Naira 30,000 a 2019, sai Naira 70,000 a watan Yuli na 2024. In adadi za a bi, albashin ɗa ya ninka na uba sau 560, kuma wannan shi ne lissafin da ke cikin kan dattijo. Amma a 1981 litar man fetur ba ta kai kwabo 16 ba, watau Naira 125 tana sayen lita fiye da 800. A ƙarshen 2024, bayan janye tallafin mai da aka yi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta kai Naira 1,000 har ta haura a wurare da yawa, watau Naira 70,000 da ƙyar take sayen lita 70. A 1981 Naira ta fi dalar Amurka ƙarfi, albashin nan ya kai kimanin dala 200. A 2024 sabon albashin bai kai dala 50 ba. A cikin shekarar kuma aka wayi gari buhun shinkafa guda ya fi albashin wata ɗaya, kuma a watan Disamba hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Saboda haka ɗan nan bai yi wa mahaifinsa ƙarya ba. Takardun da ke hannunsa ne suka yi yawa, raƙuman kuma suka yi tsada.

Wani abin da ke hana fahimta tsakaninsu shi ne, tsada ba ta cizon kowa daidai. Masanin tarihin nan na Masar, Shaihu Maƙrizi, ya rubuta littafinsa Igasatul Umma a shekara ta 808 bayan Hijira, watau 1405, lokacin da tsada ta gallabi Alƙahira. Ya ɗora laifin a kan abubuwa uku: sayen muƙamai da rashawa, da tsawwala kuɗin hayar gonaki, da cika kasuwa da kuɗin tagulla marasa daraja. Da ya zo rarraba mutane gwargwadon yadda bala'in ya taɓa su, sai ya nuna cewa waɗanda suka fi jigata su ne masu albashi tsayayye, irin su malaman fiƙihu da ɗalibai, domin ɗan kasuwa yana ɗaga farashin hajarsa ya bi tsada, mai albashi kuwa ba shi da abin ɗagawa. Haka abin yake a ƙasar Tambuwal da Kebbe. Dattijon da ya yi ritaya galibi yana da gona a tudu ko fadama, yana da gero da dawa a rumbu, wataƙila da shinkafa ko albasa ta sayarwa. Idan mudu ya tashi, abin da ke rumbunsa ya tashi tare da shi. Ɗansa kuwa da ke haya a Sakkwato ko Birnin Kebbi, daga ruwan sha har itacen girki sai ya sa hannu a aljihu. Manoma su ma sun ɗanɗana irin wannan ɗaci a 2025, sa'ad da farashin hatsi ya faɗo ƙasa alhali taki da man injin ban ruwa ba su sauko ba. Wanda ya ji zafin wannan, ya kamata ya gane kukan ɗansa.

Amma fa kada samari su ɗauka cewa hujja duk tasu ce. Dattawan nan ba a kan katifa suka yi rayuwa ba. Sun ga farin 1973 wanda ya kashe dabbobi ya tayar da ƙauyuka, sun ga na 1984. Sun ga ƙarin albashin Udoji a 1975, wanda murnarsa ba ta daɗe ba kasuwa ta haɗiye shi, tsada ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar. Sun ga tsuke bakin aljihu daga 1982, sun bi layin sabulu da madara da sukari, sun ga yadda shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya Naira. Kuma mafi yawan tsaransu ba su taɓa karɓar albashi ba sam, fartanya ce albashinsu. In dattijo ya ce wa saurayi ya rage buri, daga abin da ya gani yake magana. Gaskiya ne akwai kashe kuɗi na dole da uba bai san su ba a zamaninsa, kamar kuɗin makarantar yara da na magani da na hayar ɗaki, amma akwai waɗanda saurayi ya ɗora wa kansa: canza waya duk shekara, da cin bashi don a ga lefe ya cika akwati, da dinar biki, da cacar ƙwallo ta waya wadda haramcinta ba ya buƙatar dogon bayani. Mai irin wannan hali ba shi da bakin kafa hujja da hukuncin Sayyidina Umar. Har wa yau, ko da gaskiya tana hannun ɗa ɗari bisa ɗari, aya ta 23 cikin Suratul Isra'i ta hana shi nuna wa iyaye ko da ƙaramar alamar ƙosawa, balle tsawa. Ana iya cin gardamar lissafi a faɗi a wurin Allah. Hanyar da ta dace ita ce ya zauna da mahaifinsa cikin ladabi, ya buɗe masa abin da yake samu da inda yake tafiya, kwabo da kwabo. Da yawa daga cikin dattawa ba su taɓa jin kuɗin hayar ɗaki ɗaya a birni ba.

Sai batun abin da ya wajaba a kan ɗa. A nan ne aka fi samun ruɗani, domin iyaye sukan kafa hujja da hadisin da Ibnu Majah da Abu Dawuda suka ruwaito, wanda ya jingina ɗa da dukiyarsa ga mahaifinsa. Jumhurun malamai sun fassara shi da halaccin uba ya ci daga dukiyar ɗansa gwargwadon buƙata, ba mallaka ta gaba ɗaya ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce: aya ta 11 cikin Suratun Nisa'i ta yanka wa uba sudusi, watau ɗaya cikin shida, daga gādon ɗansa idan ɗan ya bar 'ya'ya. Da dukiyar tasa ce tun farko, da ba a yanka masa rabo a cikinta ba. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibnu Abi Zaidin da Muhtasar na Shaihu Halilu, ciyar da iyaye wajibi ne da sharuɗɗa biyu: su kasance mabuƙata, shi kuma ɗan ya kasance mai wadata, watau yana da abin da ya ragu bayan abincinsa da na matarsa. Kuma nauyin yana kan 'ya'ya duka, maza da mata, gwargwadon ƙarfin kowa, ba a kan wanda ake kira ma'aikaci shi kaɗai ba. Wannan ya yi daidai da hadisin Jabir a cikin Sahihu Muslim, inda aka umurci mutum ya fara da kansa, sa'an nan iyalinsa, sa'an nan danginsa, da kuma aya ta 7 cikin Suratuɗ Ɗalaƙi wadda ta ɗora wa mai yalwa ciyarwa daidai yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa kuma daidai abin da aka ba shi. Ke nan uban da rumbunsa ke cike ba shi da haƙƙin dole a kan albashin ɗansa, sai dai kyautatawa, ita kuwa kyautatawa ƙofa ce mai faɗi da ɗa nagari ba ya rufe ta. Uban da ya tsufa ya rasa, ko wanda 'yan fashin daji suka raba shi da gonarsa da shanunsa, kamar yadda ya faru da bayin Allah da dama a yankin Kebbe, to shi abincinsa da tufarsa bashi ne a wuyan 'ya'yansa masu hali, alƙali ma yana tilasta su.

Akwai mutum na uku wanda ba ya zaure lokacin da ake gardamar, alhali shi ne Shari'a ta fi tsananta wa, watau mai ɗaukar aiki. Imamul Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi daga Abu Huraira, inda Allah Maɗaukaki Ya ambaci mutum uku da Shi da kansa zai zama abokin shari'arsu ranar Alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya ci cikakken aikinsa bai biya shi ladansa ba. Ibnu Majah kuma ya kawo umurnin a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Hikimar gaggawar nan ta fi fitowa a lokacin tsada, domin albashin da aka riƙe wata uku, ko kuɗin sallama da aka jinkirta shekara biyar, ko da an biya adadinsa cif, an riga an zaftare darajarsa. Game da gwargwadon albashin ma'aikacin hukuma kuwa, Abu Dawuda ya ruwaito daga Mustaurid ɗan Shaddad cewa Manzon Allah ya yi wa wanda aka ɗora wa aikin jama'a izinin ya sami mata in ba shi da ita, ya sami mai hidima, ya sami mazauni. Ma'aunin dai shi ne isarwa, abin da malamai ke kira kifaya. Da wannan ma'auni ne sahabbai suka yanka wa Sayyidina Abubakar abin da zai riƙe iyalinsa daga baitulmali, bayan halifanci ya raba shi da fataucin tufafi.

Ƙissar da ta fi dacewa masu shaguna da gidajen mai da makarantu masu zaman kansu su ji, ita ce wadda Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa. Bayin Haɗib ɗan Abi Balta'a sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka soke ta. Da aka kai ƙara, Sayyidina Umar ya fara ba da umurnin a yanke musu hannu, sa'an nan ya juya kan ubangijinsu ya tuhume shi da barin su da yunwa. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce ko dirhami 400 ba ya sayar da ita, sai Halifa ya ci Haɗib tarar dirhami 800. Imamu Malik ya bayyana cewa aikin mutanen Madina bai gudana a kan ninka tarar ba, amma wurin da Sayyidina Umar ya nemi tushen laifin a fili yake. Dokar albashi ta Nijeriya ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka mafi yawan samarin da ke aiki a Tambuwal da kewaye, daga yaron shago zuwa malamin Islamiyya, ba ta san da zamansu ba. Ita kuwa Shari'a ba ta da wannan togaciya, mai ma'aikaci ɗaya ma za a tambaye shi. Abin mamaki, sau da yawa dattijon da ke zargin ɗansa da rashin godiya shi ne kuma mai gonar da ke biyan 'yan ƙwadago, ko mai shagon da yaronsa ke karɓar abin da aka yanka masa tun kafin a janye tallafin mai. Shi kuma saurayin da ke kukan albashi, a tambaye shi nawa yake ba yarinyar da ke yi wa matarsa wanke-wanke.

Wasu sukan ce ai tsada daga Allah take, su kawo hadisin Anas wanda Tirmizi da Abu Dawuda suka ruwaito, cewa farashi ya tashi a Madina aka roƙi Manzon Allah ya ƙayyade shi, bai yi ba, ya mayar da al'amarin ga Allah, yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Hadisin ingantacce ne, amma yana magana ne a kan tsadar da ta zo don ƙarancin kaya ko yawan masu nema. Wadda 'yan Adam suka ƙirƙira da ɓoye hatsi hukuncinta daban, domin Muslim ya ruwaito daga Ma'amar ɗan Abdullahi cewa ɓoye kayan masarufi aikin mai zunubi ne. Malaman Malikiyya irin su Ibnu Habib sun ma bayyana yadda shugaba zai tara manyan 'yan kasuwa ya binciki yadda suke saye, a daidaita a kan farashin da zai bar musu riba bai cuci jama'a ba.

Saura mas'ala ɗaya mai amfani ga masu ƙulla yarjejeniyar aiki. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti a 1988, ta yanke cewa bashi ana biyansa da adadin da aka karɓa, ba a ƙara masa komai don faɗuwar darajar kuɗi, saboda tsoron riba. Wannan shi ne mashahurin zance a mazhabar Malik, ko da yake Alƙali Abu Yusufa na Hanafiyya ya tafi a kan biyan kima. Amma a zamanta na ƙasar Burunai a 1993 majalisar ta bambance albashi da bashi, ta halatta a rubuta cikin dokar aiki ko yarjejeniya cewa za a riƙa daidaita albashi lokaci lokaci gwargwadon tashin farashin kaya, domin sharaɗi ne da bai halatta haram ba, bai kuma haramta halal ba. Gyaran dokar Nijeriya na 2024 ya rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku. Mai shago da yaronsa, ko hukumar makarantar Islamiyya da malamanta, ba sai sun jira gwamnati ba. Ya halatta su amince tun ranar ɗaukar aiki, a gaban shaidu biyu, cewa za a sake zama a kan ladan duk bayan kaka, ko kuma a yanka wani sashe nasa da mudun gero sananne maimakon Naira, domin ijara tana inganta da kowane lada mai tsarki wanda aka san gwargwadonsa da lokacin biyansa. Allah ne Mafi sani.